Dutsen Mazarin Kaka Tani

Madarunfa, 9 ga Agusta, 1971

Zuwa ga ɗan'uwana Ado,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da karatun. Mu nan sai godiya. Ruwa ya zauna, gero ya fara ciki, tabki ya cika har ya taɓo gindin kurnar da ke bayan lakwal ɗinmu, wato makarantar da nake koyarwa. Muna hutu, yarana duk suna gona.

Na san za ka ce wace Halima ce kuma. Halimar Madarunfa ce, jikar Tani. Kakanka Hassan na Jibiya da kakata ciki ɗaya suka fito, don haka taubashina ne kai, ko ka so ko ka ƙi. Sau ɗaya muka haɗu, a bikin Indo, ranar da ka cinye mini dakuwa ka ce akuya ce. Na yafe, amma yau za ka biya da iliminka, tun da an ce kana Kaduna kana koyon aikin kuran, abin da ku kuke kira lantarki.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kaka tana da mazarin kaɗi wanda ba irin na kowa ba ne. Maimakon gululun yumɓu, wani dutsen lubban ne a gindinsa, launin zuma, girman ƙwan zabo, ba shi da nauyi sosai. Na uwarta ne. In ta goga shi a buzun sallarta ta kai shi kusa da auduga, sai ka ga silin audugar ya miƙe da kansa ya manne. Da idona na sha gani tun ina ƙarama.

Kawuna Ɗanjuma, autanta, shi ya gano wannan. Ka san direban kamiyo ne, babbar motar kaya, kuma ba ya buɗe baki sai da barkwanci. Ranar da zai tafi Nijeriya neman aiki, rani huɗu ke nan, Kaka tana kuka, sai ya ɗauki mazarin ya goga, auduga ta manne, ya ce: "Inna, in dai wanga dutse shina jan kaɗa, ina nan da raina. Wata rana haka za shi jawo ni gida." Wasa yake don ta yi dariya. Ita kuwa ta riƙe. Takardarsa biyu muka samu, daga nan aka shiga yaƙi a ƙasarku, shiru har yau. Duk rani sai ta goga, dutse ya ja, ta ce da matarsa Jummai ta kwantar da hankalinta. Zaren da take kaɗawa ma tara shi take, wai na rigar da zai sa in ya dawo.

Bana ta zame a bakin rijiya ta gurɗe ƙafa, ba ta iya zuwa 'yar gonarta. Zama ya ishe ta, ta sa aka ciro mata kayan kaɗi daga tukunyar da take ajiye su. Ta goga dutse, ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. Ni ma na goga har hannuna ya gaji, ko motsi audugar ba ta yi ba.

Jiya ta ce mini: "Kwana tara ina gugar shi, ko sili bai ɗauka ba. Ɗanjuma ya tahi, Halima. Mi zan ci tuwo in yi?"

Tun ranar da dutsen ya ƙi, fura kawai take kurɓa, ita ma sai an yi rigima. Ta rame, Ado, ina jin tsoro ƙwarai. Tsohuwa ce, ba ta da jikin da za ta yi wasa da yunwa.

Tambayata biyu. Me ke cikin dutsen nan da yake jan auduga, kuma yana mutuwa ne? A littafin da nake koyar da yara babu ko layi ɗaya a kansa, kuma ko ba don Kaka ba abin ya daɗe yana cina. Ta biyu, in ka samu sarari ka leƙa tashar manyan motoci ka yi cigiyar kawu. Dogo ne, baƙi, kan ɗan yatsansa na hagu a guntule.

Isa mai kamiyo, mutumin garin Ɗan Isa, zai kai wannan Katsina ya sa a gidan waya. Ka amsa ta hannunsa.

Taubashiyarka,
Halima

Kaduna, 25 ga Agusta, 1971

Zuwa ga Halima,

Amin, wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, na karanta sau uku. Ina lafiya, sai kewar tuwon gida. Ki gaida mini amaryata Tani, ki ce mata angonta na Kaduna bai yarda da wannan yaji da take yi wa abinci ba. Batun dakuwa kuwa, har gobe akuya ce.

Halima, kin san abin da kuke da shi a gidan nan kuwa? Ranar farko da muka shiga aji, malaminmu, wani Ba'indiye mai son surutu, bai nuna mana waya ko batir ba. Guntun kalma ya rubuta a allo: electro. Ya ce Turawan Ingila suna liƙa ta a goshin wata kalmar, duk inda ka gan ta to abin ya shafi lantarki. In an liƙa ta gaban sunan maganaɗisu, an sami ƙarfen da ba ya ja sai an sakar masa wuta. Haka suke yi da kalmomi da yawa. Kalmarmu ta lantarki ma daga danginta muka aro, mu muka tauna ta ta dace da bakinmu, kuma na tabbata ta Faransancinku 'yar gidan ce.

Sai ya tambaye mu asalinta. Kowa ya ce walƙiya ko wuta. Ya yi dariya ya ce a'a, sunan dutsen ado ne. Wasu mutanen dā da ake kira Girkawa, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, suna kiran lubban elektron. Su suka lura in an goga shi yana jan ƙaiƙayi da gashin tsuntsu. Can daga baya wani likita a Ingila ya yi ta gwada abubuwa, ya ga ba lubban kaɗai ke yi ba, sai ya raɗa wa wannan ƙarfi suna mai nufin "irin halin lubban". Wato duk fitilun Kaduna, da injinan masaƙa, da wayar da na kusa mutuwa a kanta makon jiya, sunan dutsen mazarin Kaka suke amsawa. Malaminmu a hoto kawai ya nuna mana shi. Da na ce kakata tana kaɗi da shi, sai da ya cire tabarau.

Kuma ba dutse ba ne na gaskiya. Ƙaron wata itaciya ne da ya daskare a ƙasa shekaru ba adadi. Ya ce wani lokaci har ƙwaro ake samu a ciki, wanda ƙaron ya rufe tun yana ɗanye. Ki ɗaga naku a rana ki duba mini.

Yanzu ga amsarki. Bai mutu ba, damina ce. Guga tana tara wani ɗan ƙarfi a bayansa, shi ke jan audugar. In iska da laima, laimar tana kwashe ƙarfin kafin ya taru, kamar mai zuba ruwa a kwando. Na gwada da bairona a nan, ya ƙi. Na ɗumama shi da tsumman kusa da dutsen guga, ya ɗauki guntun takarda. Ki tambayi kanki, Kaka ta taɓa kaɗi da damina? Na tabbata ba ta taɓa ba, tana gona. Ku kuma ga tabki a bakin ƙofa. Ki shanya buzun da audugar kusa da murhu su bushe ƙayau, dutsen ki ɗan ɗumama shi daga nesa, kada ki kai shi wuta, yana ƙonewa.

Wannan sakin layin ki karanta mata shi da kyau: dutsen ba shi da labarin mai rai ko matacce. Zai ja ko kawu yana raye ko ba ya raye. Ta ci abinci don Allah, ba don dutse ba.

Na je tasha sau biyu. Wani ɗan kamasho ya ce akwai direba Malam Hamisu da ya yi aiki da wani Ɗanjuma Ɗan Faransa, haka suke kiran mutanenku a nan. Hamisun yana hanyar Lokoja, sai nan da mako uku. Kada ki faɗa wa kowa tukuna, amma ina jin mun kama bakin zaren.

Naki,
Ado

Madarunfa, 8 ga Satumba, 1971

Zuwa ga Ado,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Allah ya ƙara basira, ya tsare ka da wayar nan da ta so cinye mana kai. Muna lafiya. Ƙafar Kaka ta yi sauƙi, an fara cin ɗanyen wake.

Ya ja, Ado! Ranar da takardarka ta zo na yi yadda ka ce, Kaka tana bayan gida tana alwala ba ta gani ba. Da ta dawo na miƙa mata na ce ta ƙara gwadawa sau ɗaya don ni. Ta harare ni, ta goga ba da son ranta ba. Auduga ta miƙe. Ta sake, ta sake, sai hawaye. Daga nan ta ɗaga murya: "Jummai! Ina tuwon da kunka ce kun aje mini? Ko kun cinye?" Malmala biyu ta tashi da ita da miyar kuka. Ni ma sai da na koma ɗaki na yi kukana.

Yanzu ka yi mini faɗa in ka so. Sakin layin da ka ce in karanta mata, na tsallake shi. Batun murhu ma ban faɗa mata ba. Kullum da safe ni nake ɗumama kayan a ɓoye kafin ta nema. Na buɗe baki zan faɗa, na ga loma a hannunta, na kasa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Kuma tun da ka ce ka kama bakin zaren, na ga mene ne amfanin ɓata mata rai kan abin da ya kusa warwarewa? Na gaya mata an ga wanda ya san kawu. Ka ce kada in faɗa, na sani. Ba ka ga fuskarta ba ne.

Sauran takardar kuwa ta sa na karanta mata sau biyu. Ta ce: "Su wa ne Girkawa? Suna kaɗi? To in ba su kaɗi, mi ya kai su gugar dutsen mutane?" Da ta ji fitilun Kaduna sunan dutsenta suke ci, ta ce ashe tana da jikoki a birni ba ta sani ba, ka ce su riƙa aiko gaisuwa.

Mun ɗaga shi a rana. Akwai wani ɗigo baƙi a ciki da Kaka ta daɗe tana kira idon dutse. Na aro madubin ƙara girma na lakwal, wallahi ƙwaro ne, ɗan mitsitsi, har da fiffikensa biyu. Kaka ta leƙa ta leƙa ta ce: "Bawan Allah, shekara nawa kana kallona ina kaɗi ba ka ce uffan ba?" Rabin matan unguwa sun zo gani.

Na samo maka abin da malaminku bai sani ba. Na ba limaminmu labari, ya ce ai Larabawa kahraba suke kiran kuran, kuma asalinta sunan lubban ne a bakin mutanen Farisa, ma'anarta mai fizgar ƙaiƙayi. Ka ga, su ma ta wannan ƙofar suka shiga. Abin da ban gane ba shi ne, yaya ɗan ƙarfin da bai fi ɗaga silin auduga ba ya zama abin da ke juya injin? Wa ya fara tunanin a kora shi cikin waya? Ka bayyana mini, ina so in nuna wa yara in an koma.

Da Hamisu ya dawo ka rubuto a ranar.

Halima

Kaduna, 21 ga Satumba, 1971

Halima,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni lafiyar jiki kawai gare ni yau. Ki sami wuri ki zauna ke kaɗai kafin ki ci gaba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu Ɗanjuma ya rasu. Ba bana ba, shekara uku ke nan.

Na ga Malam Hamisu jiya. Dattijo ne mutumin Zariya, mai natsuwa. Ban gaya masa kamanni ba, na bari shi ya faɗa, ya kuwa faɗi tsawon da guntun yatsan, har da yadda yake kwaikwayon kukan jaki ya tada mutane sallar asuba. Tare suke ɗaukar kayan abinci zuwa kudu lokacin yaƙi. A watan Agusta na 1968 suna Lokoja suna jiran jirgin fito, ruwa kamar da bakin ƙwarya, shawara ta kama kawu. Kwana shida ya yi. Hamisu ne ya yi jinyarsa, shi ya wanke shi. Ba a sami likkafani ba, sai ya ciro farin yadin da ya saya zai ɗinka wa kansa riga. Direbobi goma sha ɗaya suka yi masa salla, yana maƙabartar Musulmin garin.

Na tambaye shi me ya hana shi aika wa gida. Ya ce ya tambayi kawu sunan garinsu da wanda za a gaya wa, sai kawu ya yi murmushi ya ce kada ya wahalar da kansa, uwarsa tana da dutsen da zai gaya mata. Hamisu ya ce shi ya ɗauka gaskiya ne, ya ji ana cewa mutanen Faransa suna da irin waɗannan asirai. Da na bayyana masa yadda abin yake, dattijon nan ya rufe fuska da hularsa ya daɗe bai ɗago ba. Ban sani ba ko zafin ciwo ne ya sa kawu ya faɗi haka, ko wasan nasa ne bai bari ba har ƙarshe.

Takardarki ta 8 ga wata tana gabana. Ba zan yi miki faɗa ba, ni na ja. Da na ce mun kama bakin zaren, nufina mun sami wanda za a tambaya, ba wai labari mai daɗi ba. Ɗan kamashon ma da ya ambaci sunan bai dube ni ba, na lura, na ƙi rubutawa don kada in tsorata ki. Ga shi gudun tsoratarwar ya haifi abin da ya fi shi.

Yadda za ki gaya mata, ke kika san ta. Amma ki daina ɗumama dutsen. Jummai ma tana da hakkin ta sani. Ina tsoron kada Kaka ta koma barin abinci, kuma wannan karon babu murhun da zai gyara. Allah ya ji ƙansa, ya ba mu haƙuri.

Ado

Madarunfa, 14 ga Oktoba, 1971

Zuwa ga Ado mai nauyin hannu,

Gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba. Muna lafiya, ana ta yankan gero, an koma lakwal. Mako biyar ke nan ba takardarka. Ko wayar ta kama ka ne, ko wata 'yar Kaduna? Isa ma ban gan shi ba, an ce kamiyonsa ya lalace a wajen Katsina.

Na ce wa kaina shirun alheri ne. Wataƙila Hamisu ya kwatanta maka inda kawu yake ka bi sawu, kana so ka ba mu mamaki. In haka ne ka yi sauri, don gidan nan ya riga ka. Kaka ta sa an yi wa ɗakin kawu sabon yaɓe. Zaren nan na rani huɗu ta kwashe shi duka ta aika wa masaƙi a Safo, ta ce ya saƙa fari tas, ƙwarya goma sha biyu, abin da zai isa riga, kafin ƙaramar salla. Jummai ta yi kitso, rabonta da shi tun bara. Ni na faɗi kalma ɗaya, su sun gina gari a kanta, kuma in na ce a dakata sai Kaka ta ɗauko mazari ta nuna mini.

Maganarka ta fito, ka sani. Tun da ruwa ya ɗauke na daina zuwa murhu, dutse yana ja da kansa, har ƙara yake yi kaɗan in an goga da ƙarfi. Na gwada a aji da bairona da guntayen takarda, yara suka yi ta ihu. Wata yarinya ta tambaye ni ko bairon ma yana da wanda yake jira. Ashe labarin Kaka ya zaga gari. Na yi dariya a gabansu, amma tambayar ta kwana a raina.

Ka rubuto ko layi biyu ne.

Halima

Madarunfa, 23 ga Nuwamba, 1971

Zuwa ga ɗan'uwana Ado,

Assalamu alaikum. Barka da salla, Allah ya karɓi ibada. Muna lafiya, kuma zan fara da abin da na san shi kake jira: Kaka tana cin abinci.

Takardarka ta 21 ga Satumba sai 2 ga wannan wata ta iso. Tana aljihun kamiyon Isa duk tsawon zamansa a gareji. Ya kawo ta da kunya. Na karanta a aji bayan yara sun tashi. Kwana huɗu tana cikin jakata, ina kallon Kaka tana aika a tambayo masaƙi ko ya gama. Ban taɓa jin nauyi irin na kwanakin nan ba.

Rana ta biyar da hantsi na same ta a inuwar ɗaki tana kaɗi. Sai na zauna kusa da ita na ciro matajina na roba, na goga a buzunta, na kai kan audugar. Ta manne. Na ciro bairo, shi ma haka. Kaka ta ajiye mazari. Ta karɓi matajin ta juya shi, ta goga da kanta, ta gwada. Ta sa na kawo mata cokali, ya ƙi. Ta gwada murfin kwalba na roba, ya ja. Ka san ta da son ganin ƙarshen abu. Ta kusa rabin awa tana gwade-gwade, ba ta dube ni ba.

Can ta ce: "Wanga mataji, ɗan wa ya tahi ya bar mishi alkawari?"

Na ce ba kowa.

Ta ce: "To. Ɗauko takardar da kika kwana huɗu kina ɓoyo. Kira Jummai ta zamna."

Na karanta duka, ban tsallake komai ba. Jummai ta faɗi tana kuka. Kaka ta yi salati, hawaye yana zuba, ba ta share ba. Da na zo inda kawu ya ce uwarsa tana da dutsen da zai gaya mata, sai ta yi wata 'yar dariya cikin kukan ta ce: "Ja'iri. Har can bai bari ba."

Na zaci shi ke nan, za mu koma gidan jiya. Da aka sha ruwa na kai mata kunu. Ta karɓa ta shanye. Ta ce wancan karon ba ta san inda yake ba, ko an binne shi ko kuraye sun ci, shi ya hana ta haɗiya. Yanzu ta ji an wanke shi, mutum goma sha ɗaya sun tsaya a kansa. Ta sa na maimaita mata adadin.

An yi sadaka ranar Juma'a, mutanen Gabi da Safo sun zo. Liman ya ce takabar Jummai ta wuce tun ba ta sani ba. Kaka da kanta ta ce mata ta je gidansu ta huta, ƙofa a buɗe take ko ta dawo ko Allah ya ba ta wani.

Wannan karon Isa har Kaduna zai je. Ƙunshin da zai ba ka tare da wannan, saƙin nan ne, masaƙi ya kawo ana jibi salla. Kaka ta ce ka kai wa Malam Hamisu hannu da hannu. Saƙonta, yadda ta faɗa: "Ka ce mishi rigarshi da ya ba ɗana ta zo. Ya ɗinka ya sa, kada ya aje. Kuma ya bar ruhe huska, bai yi laihi ba."

Na roƙe ta gafara kan murhun. Ta ce in bari, ta ci tuwon wata biyu da ƙaryata, ba za ta amayar ba.

Saura abu ɗaya. Shekaranjiya ta kira ni ta ce in sake karanta mata takardarka ta farko, har wurin da na tsallake. Na karanta. Ta sa na koma kan batun laima, yadda dutse ba ya ja in ruwa ya zauna. Ta gyaɗa kai. Sai ta ce in duba ɗaya takardar, wane wata ne kawu ya cika. Na ce Agusta.

"Gero na ciki ke nan," in ji ta.

Na ce e.

"Ruwa ya zamna."

Na ce e, Kaka.

Ta ɗauki mazarin ta daɗe tana kallon ɗan ƙwaron nan na ciki. Ta ce: "To ka hwaɗa ma angona, ilimi nashi gaskiya ne, ban musa ba. Amma ranar da Ɗanjuma ya cika, da na buɗe tukunya na goga wanga dutse, da bai ja ba. Yaron bai yi mini ƙarya ba. Ni ce ban tambaya ba, ina gona."

Na buɗe baki in ce ai ko yana raye ba zai ja ba a watan. Na rufe. Ta mayar da mazarin cikin tukunya, ga rani ya shigo, ga auduga cike da taskira, ta ce in samo mata gululun yumɓu a kasuwa.

Taubashiyarka,
Halima